Ƙwan da Ragel Ta Mayar

Duk garin Doringputs an san Ragel Cloete ba ta ƙin nama, ko da na gidan makoki ne. Shi ya sa ranar da kamfanin nukiliya ya yanka tumaki huɗu a zauren coci, aka ga ta ture faranti ta naɗe hannu, matan gari suka shiga zungurar juna.

Kamfanin filin gabas yake so. Zai kafa shinge, ya jera tukwanen ƙarfe cike da sandunan da tashar wuta ta bakin teku ta gama ƙonawa, waɗanda aka ce har jikokin jikoki ba za su huce ba. Burtalin da Ragel ke bi da awakinta zuwa rijiya kuwa ta tsakiyar filin ya ratsa. In aka rufe shi sai zagayen yini guda, ga gwiwa ta ƙi. Sai dai ta sayar da awakin ta zauna jiran kabari.

"Antie Ragel, ci mana," in ji Jafta, shugaban kwamitin gari, maiƙo har haɓa. "Ko azumi kike?"

"Ci naka, Jafta. Baki ya ci, ido ya ji kunya. Ni yau da idona nake son aiki."

Haka suke yi kullum, 'yan banza: a ciyar da mutum tukuna, sannan a ce ya ɗaga hannu. Wa zai ce a'a da haƙarƙarin mutane a bakinsa?

Injiniyan da aka turo, wani Lourens mai takalmi kamar madubi, ya miƙe. Ya ce ajiya ce ta ɗan lokaci. Ana ƙera sabon inji, ƙarami, mai wayo, wanda zai cinye tsoffin sandunan nan ya ba da wuta. In ya iso, sai a kwashe tukwanen a cire shinge.

"Yaushe?" in ji Ragel.

"Nan ba da jimawa ba, Antie."

"Kai yaro, awakina ba su san ba da jimawa ba. Ƙishirwa suka sani. An ƙera shi?"

"Yana kan takarda. Amma hankalinki ya kwanta, ni ko a gefen tukwanen nan sai in shimfiɗa tabarma in yi barci."

Nan ne zuciya ta ɗebe ta. Ta zura hannu a jaka, ta fito da tsohuwar safa, ta zazzage ta a kan tebur. Wata baƙar ƙwallo kamar lemun zaƙi ta faɗo, ta gangara wajen Lourens.

"Ka san wannan? Abincin injinku ne!"

Ya san ta kuwa, tun a makaranta: irin ƙwallayen makamashin nukiliya ce, masu guba. Mai barci a gefen tukwane ya yi tsalle da baya, ya ture kujera, ya taka ƙafar matar fasto, wadda dama tun safe take neman abokin faɗa. Sai da ya manne da bango ya tuna ashe ana kallonsa.

"Dawo, jarumi, ba komai a ciki!" in ji Ragel. "Ta nuni ce kawai, ba ta gaske ba. Shekara ashirin da suka wuce wani irinka ya tsaya a nan, da irin takalminka. Ya ce sabon inji na zuwa mai cin ƙwallaye, 'ya'yanmu duk za su samu aiki. Ya ba mijina wannan don shi ya fara ɗaga hannu. Ranar muka ba da filin arewa. Mijina ya mutu yana jira, filin bai dawo ba. Ni kuwa cusa ta nake a safa in ɗinke huji a kanta. Iyakar wutar da ta taɓa ba ni ke nan!"

"Antie, wancan daban ne, wannan..."

"Rufe mini baki! Jafta, kana wurin ranar, har ka roƙi a ba ka kan rago. Ƙarya nake?"

Jafta ya sunkuyar da kai yana neman abin goge hannu.

Da aka zo ɗaga hannu, biyu aka gani: na Jafta, da na surukinsa da aka yi wa alkawarin gadin ƙofa. Shi ma surukin, da ya waiga ya ga fuskar matarsa, sai ya mayar da abin susar ƙeya. Jafta ya ce, da muryar mai ciwon haƙori, gari bai yarda ba.

Ragel ta ɗauki ƙwallon ta cusa wa Lourens a aljihun kwat.

"Mayar musu da ƙwansu. Shekara ashirin ina kwanci a kansa bai ƙyanƙyashe ba. Ranar da sabon injin naku ya fito ya cinye sanda ɗaya a gaban idona, ka dawo mu yi magana."

Sai a lokacin ta jawo farantinta, ta juye naman a jaka, ta haɗa da na Jafta. Da safe aka ga ƙurar awakinta a burtali, tana tafe a baya tana ɗingishi, tana zagin kamfani, tana zagin gwiwa, dunduniyarta a waje ta hujin safa.