Lallen Matan Guci

Ranar da Dokta Safiyatu ta iso Guci, ta tarar da rumfar asibitin garin cike maƙil da mata, kuma kowace hannunta ya sha lalle har wuyan hannu. Wasu ja, wasu baƙi wuluk mai zanen fure. Wallahi ka ce shelar biki aka yi.

Safiyatu 'yar garin ce. Lakwal, wato karatun boko, ce ta fitar da ita, daga Magariya zuwa Damagaram, daga nan Yamai, har ƙasar waje. Kusan duk ƙuruciyarta ta ƙare a labo, ɗakin gwaje-gwaje, tana bin sawun cututtukan da garkuwar jiki ke haddasawa, wato inda abin da Allah ya halitta don ya tsare mutum yake juyowa ya far wa mai shi. A cikinsu akwai guda da ta hana ta sakat: wadda ke sa fata ta yi tauri, yatsu su ƙandare, baki ya tsuke, daga ƙarshe ta gangara huhu. Ita ce ta kashe yayarta Yalwa. A Guci wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce sammu, aka yi ta jiƙe-jiƙe har mai afkuwa ta afku.

To, zuwan nan nata a takarda sunansa bincike. Amma a zuciyarta mutum ɗaya ta zo gani, Balki, ɗiyar marigayiya Yalwa. An gaya mata a waya cewa idan yarinyar ta tsoma hannu a ruwan randa da safe, yatsunta sukan koɗe su yi fari fat. Haka uwar ta fara.

Kayan aikin Safiyatu ba su da yawa: wata 'yar na'ura mai kama da tocila, da ordinatar, wato kwamfuta, da kwalbar mai. Ana ɗiga man a gindin farce, a ɗora na'urar, sai ƙananan hanyoyin jini su bayyana ɓaro-ɓaro. Idan cutar na tafe, a nan take fara nuna kanta, tun fata ba ta san abin da ake ciki ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai, wurin ya zama fes. Ga shi kuwa an rine shi.

Ta juya ta dubi Muttaƙa, majon asibitin, wato babban ma'aikacin jinya, wanda ta aika wa saƙo.

"Majo, me ka gaya musu?"

"Abin da kika ce, Dokta. Na ce za ki zo ki duba hannuwan mata."

"Shi ne suka yi mini wannan?"

Wata tsohuwa da ke gaba ta karɓe zancen, tana juya tafukanta sama da ƙasa. "To 'yar nan, ki taso tun daga Yamai, mu miƙa miki hannu fururu kamar mun fito daga sussuka? Ai da kunya."

Mata suka fashe da dariya. Safiyatu ta rasa ta yi kuka ko ta taya su. Duk da haka ta gwada, don ba ta da saurin sallamawa. Ta ɗiga mai a yatsan tsohuwar, ta ɗora na'ura, fuskar ordinatar ta yi jawur, ba a ganin komai. Ta gwada ta biyu, duhu. Ta ce a kawo sabulu, aka kawo. Wata ta ce lemun tsami, wata ta ce toka. Ina! Lallen ya kama, kuma da gani gwana ce ta sa shi, don ta bi gindin kowane farce ta cike shi tsaf, ba ta bar ko tsinin allura ba.

Wannan ne ya tsaya wa Safiyatu a rai. Ita ma ta sha ƙunshi tana yarinya, ta san yadda lalle ke tsallake wani wuri ya kama wani. Hannu da yawa haka, a ce babu kuskure ko ɗaya?

"Wace ce ta yi muku?"

Tsohuwar ta ce, "Wace ce kuwa in ba ɗiyarki ba? Balki ai ita ce mai lallen garin. Gida-gida ta bi mu, kuma kyauta, ta ce don girmama ki."

Safiyatu ta ce, "Uhm." Ta rufe kwalbar mai, ta ba matan haƙuri, ta ce za ta dawo in lalle ya sake su.

Da la'asar ta sami Balki a tsakar gidansu, zaune kan tabarma tana tankaɗe garin lalle da hannun hagu, na dama yana cikin mayafi. Hagun nan ya sha baƙin zane fiye da na kowa. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta masu kewaye magana.

"Aikinki ya yi kyau," in ji Safiyatu. "Kin rufe mini gari ɗungurungum."

Balki ba ta ɗago ba. "Yaya aka yi kika gane, Tanti?"

"Wa ya gaya miki gindin farce nake dubawa?"

"Ke. Lokacin da kika zo jinyar Inna, na ji kina gaya wa Baba. Kika ce da an duba nan da wuri." Ta ajiye rariya. "In ni kaɗai na yi, za ki ce ɓuya nake. Shi ya sa na yi wa kowa."

Haushi ya taso wa Safiyatu, amma tausayi ya danne shi. Yarinyar nan ita ta yi ta jiƙa wa uwarta tuwo lokacin da baki ya daina buɗuwa.

Balki ta ce, "In kin gani, za ki warkar?"

"A'a. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma akwai magungunan da ke rage mata gudu, kuma a riƙa lura da huhu da ƙoda tun ba su taɓu ba. Wataƙila ma ba komai. Mata da yawa yatsunsu na koɗewa a sanyi, kuma lafiyarsu ƙalau."

"To ke fa? Ai ciki ɗaya kuka fito da ita. Kin duba naki?"

Tambayar ta sami Safiyatu ba shiri. Yatsun da ta duba a duniya Allah kaɗai ya san yawansu, amma nata, kullum sai ta ce gobe. Ta ji kunya ƙwarai. Ta jawo jaka ta kunna ordinatar a kan tabarmar, ta miƙa wa Balki kwalbar mai.

"Ɗiga mini. Kaɗan, ba miya za ki yi ba."

Balki ta ɗiga, ta ɗora na'urar yadda aka nuna mata. Sai ga hanyoyin jinin sun fito a ordinatar, siraran jajayen lanƙwasa a jere, kamar ɗinkin hannu a bakin zane.

"Kai! Wannan duk a cikin yatsa? Jini ne yake tafiya haka?"

"Shi ne. Dubi yadda suke kai ɗaya, ba wanda ya fi wani ƙiba. Haka ake so."

"To in da cutar fa?"

"Wasu su kumbura, wasu su fashe, wani wurin ya zama fili."

Balki ta sa ta canza yatsa, ta sake canzawa, tana ta tambaya kamar 'yar lakwal, har ta manta da tsoro. Sai da suka gama duka, ba a ga komai ba, sannan hankalin Safiyatu ya kwanta.

Can Balki ta zaro hannun damanta daga mayafi. Ko ɗigon lalle babu.

"Mai lalle ba ta iya yi wa damanta," ta ce a hankali. "Na so in sa wata ta yi mini. Na kasa."

Safiyatu ta riƙe hannun, ya yi sanyi ƙalau. Ta ɗiga mai a yatsan zobe, ta ɗora na'ura. Jerin ya fito, amma ba kai ɗaya ba. Biyu sun kumbura sun yi suntum, kusa da su ga ɗan tabon jini. Ta duba na gaba, haka. Balki kuwa ko kallon ordinatar ba ta yi ba, fuskar ƙanwar uwarta take kallo.

"Akwai ko, Inna?"

"Akwai, ɗiyata. Sai mun auna jini mu tabbatar, amma akwai alama." Ta ajiye na'urar. "Uwarki sai da abin ya kai ƙirji na gan shi. Ke a farce na same shi."

Balki ta daɗe tana kallon yatsan nata yana ƙyallin mai. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"In za ki koma Yamai, ki tafi da ni," ta ce. "Amma ki bari in fara zagaya matan nan in gaya musu kada wadda ta sake sa lalle. Akwai biyu a cikinsu da na ji yatsunsu sun yi mini tauri a hannu."