Jan Farce a Bayan Firiza

Ni dai ban yarda da kalmar nan garanti ba tun ranar da na fara jin ta. Mai shagon da ya sayar min da firiza ya faɗe ta yana washe haƙora, ni kuwa in ɗan kasuwa ya cika murmushi sai na ƙara damƙe jakata.

"Hajiya, garanti ne na shekara. In ta lalace da kanta, gyara a kanmu."

"Da kanta? To da wa zai lalata ta, aljani?"

Da firizar nan nake sayar da ƙanƙara, da ita yarana ke ci. Ba a jima ba ta daina sanyi, ruwa ya kwana a ciki ya tashi ruwa. Mai shago ya ce a kawo.

Na san halin masu gyara. Maƙwabciyata ta taɓa kai fankarta, aka dawo mata da ita da kayan cikin wata. Saboda haka kafin a ɗauka na karɓi jan farcen babbar 'yata, na kwance murfin baya da wuƙa, na ɗiga ja a ƙasan injin, inda ido ba ya kaiwa. Wata 'yar takarda mai sheƙi da ke manne a bakin murfin ta yage.

"Umma, takardar nan fa da rubutu a jikinta."

"Ke riƙe min murfi, malamar boko."

Firiza ta tafi. Yau gobe, yau jibi, masu sayen ƙanƙarata duk suka koma gidan gaba. Ranar da na tsare mai shago a bakin shagonsa, murmushin nan babu shi.

"Hajiya, kin ɓalle hatimi, garanti ya mutu. Injin ya ƙone, sai dai ki sayi sabo."

'Yata ce ta ja ni ofishin kare haƙƙin masu saye. Na yi alwala, na yi addu'a, muka je. Ma'aikaciyar, wata mai tabarau, ta biyo mu shagon. Da na ga ta gaishe da mai shago da fara'a na ce a raina, shi ke nan, bakinsu ɗaya.

"Baba, bari in warware miki," in ji ta. "Lahani shi ne ciwon da kaya ya zo da shi daga kamfani, wannan nauyin mai sayarwa ne. Garanti kuma alkawari ne mai sharaɗi. Sharaɗin naki shi ne takardar da kika yaga."

Innalillahi. Mai shago ya dawo da haƙoransa waje.

"Me ya kai ki buɗewa?" ta tambaye ni.

Na faɗa mata gaskiya, har da jan farcen. Ta sauke tabarau ta dube shi.

"Malam, buɗe mu gani."

Ya buɗe yana gunaguni. Na durƙusa na leƙa. Wani tsohon inji ne, duk tsatsa, ja ko ɗigo babu.

"Zafi ne ya goge shi," in ji shi.

"Zafin ne ya sa masa tsatsa kuma? Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah."

A lungu akwai wata tsohuwar firiza tana gurnani, cike da lemon da yake sayarwa. Jikinta duk ya koɗe, amma sanyi kamar ba gobe. Ban nemi izinin kowa ba, na ja ta, na kwanta a ƙasa da mayafina. Ga jan nan ɗas a ƙasan injin. Ashe injina ya cire ya sa wa tasa. Lafiyarsa ƙalau, gas ne kawai ya tsiyaye.

"Wannan kuma sunansa ha'inci," in ji ma'aikaciyar. "Ba ruwansa da hatimi. Baba, zaɓi naki ne: gyara ko canji?"

"A hannunsa? Canji, 'yar nan. Kuma a buɗe kwalin a gabana."

Aka kawo sabuwa har gida. 'Yata ta ɓoye jan farcenta, wai kar in sake kashe garanti. Hatimin dai ban taɓa ba. Amma na samo kwalbar a cikin takalminta, na ɗiga a bayan ƙofa, da ƙarƙashin kwandon ciki, da wani wurin da ko ita ban gaya wa ba.