Naman Layyar Hajiya Sakina

Mushe Yakuba dattijon majami'armu ne a unguwar Lazaret, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malamai Mushe da Faransanci, kuma har yau kallon 'yan aji yake mana. A Littafi Mai Tsarki ya haddace duk inda ƙasa ta haɗiye mutane da inda wuta ta sauko, amma wuraren jinƙai kamar an yage su daga nasa. Ban taɓa son wa'azinsa ba, ba kuma zan ɓoye ba.

Lahadin da ta gabaci sallar layya fasto ya tafi Maraɗi, aka bar wa Mushe wa'azi. Ya ɗauko labarin Akan, wanda ya ɓoye abin da Allah ya haramta a cikin tantinsa, aka jefe shi har da iyalinsa. Daga nan ya yi tsalle ya dira kan naman layya. Wai duk wanda ya karɓi na maƙwabta ya shigo da haram cikin jama'ar Allah, kuma ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a majami'a, sai ya tuba a gaban kowa. Fasto bai taɓa faɗin haka ba. Muka shiga kallon juna, don kowa na da maƙwabci.

Aisa 'yar majami'armu tela ce, mijinta ya rasu, katanga ɗaya ce tsakaninta da Hajiya Sakina. Shekara ashirin ke nan, idan an yini ana gasa raguna a tsaye kewaye da wuta a ƙofar gida, washegari cinya guda ta Aisa ce. Lokacin jinyar mijin nan Hajiya ce ta yi ta kai abinci asibiti. Mushe sau ɗaya ya leƙa, ya karanta musu gargaɗi ya tafi.

Bana ma cinyar ta zo. Aisa mace ce mai tsoron Allah da gaske, ba irin na baki ba, kuma Jibin nan shi ne abin da ya riƙe ta tun rasuwar. Ta yini tana kallon kwanon. Da la'asar ta ɗauka ta mayar da hannunta, tana ta ba da haƙuri.

Hajiya ta karɓa ta ce, "Ashe duk shekarun nan ƙazanta nake aiko miki, ƙawata. Ki yafe ni."

Lahadi Mushe ya sa Aisa ta miƙe, ya nuna ta da yatsa ya ce ga mai biyayya, ga wadda ta fi Akan hankali. Sai washe baki yake kamar shi ya yi sadaukarwar. Aka tafa, ni ma na tafa, ni da na cinye nawa naman na goge baki. Har yanzu ina jin kunyar tafin nan.

Bayan wata biyu Farida, 'yar Hajiya, ta haihu. Aka bi layin gida-gida da goro da dabino ana gayyatar suna, aka tsallake ƙofa ɗaya. Na gaya wa Mushe, ya ce ai gicciyenta ke nan, ya ci gaba da shan furarsa.

Ranar sunan na shiga wurin Aisa. Ana jin guɗar mata ta kan katanga. Na same ta zaune gaban keke, tana warware 'yar rigar jaririn da ta ɗinka tun cikin na wata bakwai.