Kwalbar Ƙasa daga Virginia

Yayata Ozella ta daɗe a kwance kafin ta ce in samo mata ƙasa. Ba fili take nufi ba. Cikin tafin hannu ɗaya take so, daga garin da aka sayar da Mama Sukey, a zuba a kan akwatin gawarta ranar da za a binne ta. Likita ya riga ya gaya mata da wuya ta ga tsinkar audugar bana.

Mama Sukey kakar kakarmu ce. Abin da muka gada na labarinta bai taka kara ya karya ba. An taho da ita nan Alabama a ƙafa tana yarinya, cikin ayarin bayi, igiya a wuya. Inda ta fito ana noman taba, kogin garin kuma yana ɗanɗanon gishiri idan ya cika. Sunan garin bai iso gare mu ba.

Na ce wa Ozella wannan nema ya fi ƙarfina. Ta ture kwanon faten masarar da na kai mata, ta harare ni.

"Auta, tun kana yawo ba wando kake tsintar haƙoran kifi a gonakin mutane. Ka cika mini gwangwanaye da su, ko ɗaya ba ya shiga miya. Yau dai ka tsinto abin da zai amfani wani."

Gaskiyarta ne. Aji shida na bar makaranta na shiga gona, amma duk abin da ya yi dabam idona na kansa.

Na tafi laburaren garinmu wajen Vernice, jikar wani abokina da muka yi aikin injin katako tare. Ta saurare ni har na gama, ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta ce akwai abin da za ta nuna mini. Taswirar Amurka ce, an yanka ta gunduma-gunduma. Ta ce tun zamanin farko gwamnati kan ƙirga mutane duk shekara goma, har da bayi, to wasu masana ne suka kwashe wannan ƙidaya suka shafa wa taswirar launi. Inda bayi suka fi yawa, nan ya fi duhu.

Ta danna, taswirar ta motsa. Da farko duhun yana manne da bakin teku, Virginia da Carolina. Sai ya fara rarrafe kamar kofi ya zube a zanen tebur. Ya ci Georgia, ya shigo mana Alabama ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ya gangara kogin Mississippi, ya leƙa Texas. Daga nan ya tsaya, don yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta ya zo. Na ce ta sake. Ta sake. Na yi ta sa ta maimaitawa har wata mata da ke jiran kwamfutar ta yi tsaki ta tafi.

Jinjirin watan nan ne ya riƙe ni. Na san shi da tafin ƙafata, domin a nan baƙar ƙasa take, a nan kuma nake samun haƙoran kifi. Vernice ta ce ai bakin wani tsohon teku ne da ya ƙafe tun babu mutum a duniya. Na zauna ina juya abin a raina. Teku ya janye ya bar baƙar ƙasa, ƙasar ta kira auduga, auduga ta kira yarinya da igiya a wuya. Kifayen da na tara haƙoransu ke nan sun riga sun shata inda za mu wahala.

Na ce ta mayar da taswirar baya, mu bi duhun har inda Mama Sukey ta taso. Vernice ta cire tabarau.

"Baba Cleophus, taswirar ba ta san kowa ba. Masu ƙidayar ba su tambayi bawa sunansa ba, balle garinsu. Yawa kawai take nunawa."

Ta nuna mini shafin gundumarmu na ƙidayar ƙarshe kafin yaƙi. Sunan Bature mai bayin a sama, a ƙarƙashinsa layi-layi: mace, shekara kaza, baƙa. Matan da shekarunsu suka dace da na Mama Sukey sun fi a ƙirga. Sai bayan 'yanci aka fara rubuta sunayenmu, ita kuwa ta rasu kafin nan. Da na ambaci taba da kogin gishiri, Vernice ta zagaye wani yanki da yatsa, ya haɗiye rabin gabashin Virginia har da wani sashe na Maryland.

Na duba taswirar farko, na zaɓi gundumar da ta fi duhu a cikin zagayen. Tunanina shi ne inda mutane suka fi yawa, nan aka fi ɗiba.

Matan cocinmu suka karɓi jinyar Ozella, ni kuma na hau bas. Tafiyar ta kai ni ta garuruwan da na gani a taswira, sai dai ni gabas na nufa. Ta taga ina ganin dazukan katako da shagunan mai, ina auna yadda ƙafar yarinya za ta taka duk wannan. Na kasa cin soyayyar kazar da aka ƙunsa mini.

A can ban tarar da taba ba, waken soya ne ko'ina. Na gangara bakin kogi na ɗebi ruwa da hannu na kai baki. Gishiri. Na zauna a kan wani kututture ina ta dariya ni kaɗai. Wani mai kamun ƙaguwa ya tambaye ni ko lafiya. Da na ba shi labari ya girgiza kai, ya ce kawu, ai duk kogunan nan haka suke, daga nan har Maryland. Duk da haka na tona ƙasa da cokali na cika kwalbar zuma.

Na tarar da Ozella ta ƙara ramewa. Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta buɗe, ta shinshina. Ƙasar ja-ja ce mai yashi, ba irin tamu ba. Ta tambayi sunan garin, na faɗa. Ta tambayi yadda aka yi na gane nan ne. Na kwashe komai na gaya mata, da taswirar, da yatsan Vernice, da mai kamun ƙaguwa.

"Wato canka ka yi."

"Yaya, zai iya zama nan ne."

"Zai iya zama ba nan ba." Ta rufe kwalbar a hankali. "In na isa can Mama Sukey ta tambaye ni ƙasar wa na ɗauko a kaina, in ce mata me? Wannan ta wata ce, Auta. Ita ma tana da jikoki, suna can wani wuri suna nema."

Ta miƙo mini, ta ce kada in kuskura in zuba mata. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta juya fuska ga bango, ta ce in rage ƙarar fanka.

Ta rasu auduga tana fara fashewa. Muka binne ta a bayan coci, kowa ya jefa ƙasar da aka tono daga ramin. Fasto ya ce ta koma gida, matan suka amsa da amin.

Kwalbar tana kan firij. Na taɓa fita da ita lambu zan juye a gindin tumatir, hannuna ya ƙi. Jikina kuma ba zai sake ɗaukar wannan tafiya ba, balle in mayar da ita inda na tono.