Fulawar Direba

Direba da kansa ya koya wa matarsa yadda ake ba fulawar ruwa, tun yana da hankalinsa. Shekarar da ya ajiye tuƙin bas ya shigo da ita a tukunyar roba, shuka mai ganye kore shar, furenta ja jawur yana sheƙi kamar an shafa masa mai, da ɗan tsinke rawaya a tsakiya. Ya kafa ta a kan tebur gefen tagar falo, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukanta.

"Ki riƙa sa yatsa a cikin ƙasar," in ji shi. "In ya fito da danshi, ki ƙyale ta. Wannan fulawar ƙishirwa ba ta kashe ta, yawan ruwa ne ajalinta."

Matar, wadda duk mutanen benen ke kira Inna, ta ce ita da ta raini 'ya'ya har suka yi aure ba za a koya mata rainon ciyawa ba. Ya yi dariya, ya ci gaba da goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, yadda yake goge gilashin motarsa a da.

To, yau ga shi shi ne ke kashe ta.

Mantuwar ta fara masa da makulli da tabarau, ta zo ta cinye sunayen maƙwabta, sannan ta sauka a kan fulawar. Sai ya ɗauki buta ya tsiyaya mata ruwa ya koma ya zauna. Kafin shayinsa ya huce ya sake miƙewa.

"Ke, yau ba a ba ta ruwa ba."

"An ba ta, Maigida. Kai ka ba ta yanzun nan."

"Ni? Haba dai."

Ya sake tsiyayawa. Haka za a wuni, ruwa na cika farantin da ke ƙarƙashin tukunyar yana ɗiga a ƙasa, Inna na bi da tsumma tana tsaki ciki-ciki. Ta taɓa ɓoye butar a ƙarƙashin gado. Wallahi ba ta ƙara ba! Bawan Allah ya birkice gidan kaf, ya zauna a tsakar falo yana kuka shaɓe-shaɓe, daga baya ya ɗauko fulas ɗin shayi ya nufi fulawar da shi. Wata rana kuma ta kama butar a hannunsa, ya damƙe mata wuyan hannu da irin ƙarfin da ya yi shekaru yana juya sitiyari da shi. Da yamma ya ga wurin ya yi baƙi, ya tashi da faɗa. "Wa ya yi miki haka? Faɗa mini in je in same shi." Ta ce ƙofa ce ta datse ta.

Ba fulawar ce ta hana Inna sukuni ba. Autarsu ma'aikaciyar jinya ce, yayyenta duk suna nesa sun bar mata ragamar komai, kuma ta riga ta faɗa ƙarara cewa ranar da abin ya fi ƙarfin Inna za a kai Baba gidan da ake kula da irinsu. Inna ta je ta ga gidan da idonta. Dogon baranda, warin magani, tsofaffi jere a kujeru kowa ya zuba wa bango ido, ziyara sai ranar da aka tsara. Ta dawo ta rantse a ranta ba za a kai shi ba muddin tana numfashi.

Saboda haka duk ƙarshen mako, kafin Auta ta zo, Inna ke gyara ƙaryarta. Ta tura tukunyar da ya ƙona a kan gas can ƙuryar kabad. Ta sa riga mai dogon hannu. Ta ɗauko almakashi ta datse ganyen da ya yi rawaya, ta juya tukunyar fulawar ɓangaren mai kyan ya fuskanci ƙofa. Shi kuwa Direba, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaisawa da fasinja, ya iya riƙe baƙo na ɗan lokaci. "Sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen gida?" Auta ta yi hira ta tafi da murna, Inna ta jingina da ƙofa.

Sai dai ganye ba ya ƙaruwa in kullum ana datsewa. Fulawar ta rame, furen ƙarshe ya yi baƙi-baƙi a gefe ya sunkuya, wasu ƙananan ƙudaje suka fara shawagi a bakin tukunyar.

Ranar da asiri ya tonu, Auta na shigowa ta tsaya tana shaƙar iska.

"Inna, me ke wari haka?"

"Kwata ce ta ƙasa, kin san halin mutanen nan."

Auta ta bi warin har gefen taga, ta sa yatsa a cikin ƙasar yadda ubanta ya koya mata ita ma, yatsan ya nutse cikin caɓi. Ta ɗan ja gindin shukar, sai ga shi ya biyo hannunta gaba ɗaya. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi luguf, suna ɗigar ruwa mai ɗoyi.

"Baba ba ya cika mata ruwa," ta ce a hankali. "Shi da ke mana faɗa in mun taɓa butar. Sau nawa yake ba ta a rana?"

"Ni ce. Hannuna ne ya yi nauyi."

"Inna."

"Na ce ni ce! Ke da kike zuwa ki sha shayi ki tafi, me kika sani?"

Ta miƙa hannu za ta karɓi shukar, hannun rigar ya zame. Auta ta ga shatin yatsu a wuyan hannun uwarta, sabo a kan tsoho. Idonta ya ciko.

A daidai nan Direba ya fito daga ɗaki da buta a hannu. Ya dubi shukarsa a hannun Auta, ya dubi fuskarta, babu alamar sani ko ɗis.

"Ke wace ce? Wa ya ba ki izinin shigo mini gida ki tumɓuke mini fulawa?"

"Baba, ni ce."

"Fita!" Ya juya ga Inna. "Kina tsaye kina kallo?"

Ya ture su ya wuce, ya karkata butar a kan tukunyar da babu komai cikinta sai laka. Ruwan ya cika ya tumbatsa yana zuba a kan silifas ɗinsa, bai daina ba sai da butar ta ƙare.

Inna ta roƙi Auta, ta zage ta, ta sake roƙonta. Ina! Ba a yi sati ba motar gidan tsofaffin ta zo. Direba ya shiga gaba da fara'arsa, har yana gaya wa matuƙin ya gyara madubinsa na gefe. Bai waiwayo ba, don bai san tafiya ce ba.

A cikin ruɓaɓɓun saiwoyin an sami guda ɗaya fara mai ƙwari. Auta ta yanke ɓatattun, ta wanke tukunyar, ta sa sabuwar ƙasa mai sako-sako ta dasa ɗan abin da ya rage, wai ko Inna ta samu abin ɗebe kewa. Inna ba ta ko kalli wurin ba. Falon ya bushe, babu tsumma a ƙasa, babu mai kiran "ke" daga ɗaki. Ta je ziyara ranar da aka tsara, ya gaishe ta da ladabi ya tambaye ta ya hanya, ya mutanen gida.

Ita kuwa shegiyar fulawar sai ta murmure. Wata safiya Inna ta buɗe labule ta ga sabon ganye ya ɓullo a naɗe, kore shar, yana sheƙi. Baƙin ciki ya kama ta. Wato tafiyarsa ce ta karɓe ta, ita da ya yi ta goge wa ganye kamar 'yar cikinsa.

Ta sa yatsa a cikin ƙasar, ya fito da danshi. Ta goge shi a zaninta, ta je ta ciko butar, ta dawo ta tsaya inda yake tsayawa, ta karkata ta. Ruwan ya cika farantin ya fara ɗiga a ƙasa, ba ta ɗauko tsumma ba.