Jan Biron Malam Pyo

Shekara talatin da shida Malam Pyo Man-gi ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare ta garin Sangju a ƙasar Koriya, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa, ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa maka inda ake sa who da inda ake sa whom. Nan ne fagensa. Yakan tsaya gaban allo ya ce mu Koriyawa mukan jera wa mutum siffofinsa kaf kafin mu ambaci sunansa, Bature kuwa sai ya tsai da mutumin tukuna, sannan ya ɗaura masa bayani a baya kamar wutsiya. Daga nan ya kama aiki: ya kewaye wutsiyar da baka biyu, ya ja kibiya daga kanta zuwa ga mai ita. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Whom. Ya san da sunan, kuma a ransa yana jin daɗinsa.

Yana da wata al'ada da kowa ya sani. Daƙiƙin ɗalibi ba ya samun komai a takardarsa sai maki. Wanda Malam ya sa wa rai kuwa, takardarsa takan dawo jawur, ba masaka tsinke. Yara har alfahari suke yi da wannan ja, akwai ma likitoci yanzu da suka adana nasu.

Abin da gari bai sani ba shi ne, bakin Malam bai taɓa ɗaukar hira da Turanci ba. Jarrabawar shiga jami'a ba ta tambayar baki, shi ma bai tambayi nasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekara huɗu da yin ritayarsa, 'yarsa Hye-rim ta bugo waya daga Kanada ta ce za ta zo bikin girbi na Chuseok, kwana goma, tare da 'yarta Nari mai shekara tara. Rabonsu da yarinyar tun tana goye, kuma ba ta jin Koriyanci sai gaisuwa. Maƙwabta suka yi ta taya shi murna, wai shi kam ya more, ga jika Baturiya ga kaka masanin Turanci. Ya yi murmushin yaƙe. Wata guda ya yi yana cika littafi da jimlolin da zai faɗa mata, dogaye masu wutsiya biyu-biyu, yana haddace su a lambun bayan gida. Burinsa ɗaya ne a duniya: kafin kwana goman nan su cika, ya zauna da jikarsa su yi hira.

Ranar da suka iso, yarinyar ta rugo ta rungume shi, ta zubo magana kamar an ɓalle famfo. Ko kalma ɗaya bai kama ba. Kalmomin duk sun manne da juna, ba inda za ka sa baka, balle kibiya. Jimlar da ya tanada ta ɓace masa. Ya shafa kanta, ya ɗauki akwati ya yi ciki.

Haka aka ci kwana biyar. Matarsa Sun-rye, wadda ko baƙi ɗaya na Turanci ba ta sani ba, tuni ta saye yarinyar. Suna zaune a tsakar ɗaki suna murza garin shinkafa, suna cusa masa riɗi da zuma, kowa na yarenta, suna ta dariya. Shi kuwa da ya ji takun Nari sai ya tuna bishiyar kanya ta lambu tana son a duba ta, ko ta biyo shi can sai ya duƙufa a kan bishiyar.

“Baban Hye-rim,” in ji matar wata safiya, “kanyar nan in da tana da baki da ta ce ka ƙyale ta haka. Mutum ya shekara talatin yana sayar da ruwa, ƙishirwa ta kashe shi a gida?”

Ya ce ta ji da tukunyarta. Amma maganar ta soke shi, don gaskiya ce.

Hye-rim ce ta nemo dabara. Ta gaya wa 'yarta cewa kunnen Kaka ne ya yi nauyi, amma ba abin da ba ya iya karantawa. A rana ta shida, bayan karin kumallo, Malam ya tarar da takarda daga Nari a kan teburinsa, an yi mata zanen kanya a gefe. Ya sa tabarau.

Ya fahimci komai. Tun daga farko har ƙarshe, ba kalmar da ta kuɓuce masa. Ta ce shi ne kakan da mamarta take yawan ba ta labari. Ta ce bishiyar da ya shuka ta fi duk bishiyoyin da ta taɓa gani. Ta ba shi labarin karenta da ƙawarta. Malam ya karanta sau uku, idonsa ya cika da ƙwalla. Ashe yarinyar mai kai ce. Ga jimloli a ɗaure da juna, ba wanda ya koya mata baka da kibiya. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun yana aji.

Sai hannunsa ya tafi aljihun riga, ya zaro jan bironsa. Sabo turken wawa. Abu ɗaya ya iya yi wa yaron da yake ƙauna, shi ya yi. Ya kewaye kowace wutsiya, ya ja kibiyoyi, ya mayar da kalmomin da ta tsallake, ya gyara harafin da ya karkace, ya rubuta ƙa'ida a gefe da ƙananan baƙaƙe masu kyau. Har rana ta take yana kai. Ko ɗalibinsa da ya fi kowa bai taɓa samun ja mai yawan wannan ba.

Ya sami Nari a baranda ya miƙa mata, yana murmushi. Ta karɓa da hannu biyu kamar yadda aka koya mata. Ta duba. Murmushinta ya tafi a hankali. Ba ta yi kuka a gabansa ba, ta dai ninke takardar ta shige ɗaki.

Ba a jima ba Hye-rim ta fito da takardar a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

“Baba, ita ma?”

Ya ce ai yabo ne, duk garin nan an san ma'anar jansa.

“Ni na san ma'anarsa, shekara nawa ina karɓa. Ita ba 'yar garin nan ba ce. Duba layin ƙarshe.”

Ya duba. Layi ɗaya ne tak da biro bai taɓa ba, don ba shi da kuskure. Yarinyar ta rubuta: Kaka, ba ka so na ne? Ya karanta shi sau uku da safe, kuma duk sau ukun abin da ya gani shi ne jimla ce daidai.

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Sauran kwanakin ya yi su a tebur yana rubuta amsa. Ta farko ta yi tsawo, ta biyu ta yi kama da jawabin shugaban makaranta. Ya yaga shida. A wajen cin abinci Nari takan sunkuyar da kai ta gaishe shi da ladabi, ta koma gefen kakarta ta zauna. Ba ta ƙara biyo shi lambu ba. A ƙarshe ya tsaya a kan layi uku gajeru, da baƙin biro, irin jimlolin da a da zai ce na 'yan aji ɗaya ne.

Ranar komawarsu, a tashar mota, direba na loda akwatuna, Malam ya durƙusa da ƙyar ya miƙa wa Nari ambulan. Ta kalle shi, ta kalli hannunsa, ta mai da nata hannuwan baya. Hye-rim ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, ta girgiza kai. Sannan ta ɗago ta yi magana a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake yi wa mai nauyin kunne.

“Kaka, don Allah kar ka ƙara ba ni. Ba zan sake rubutawa ba.”

A kwana goma, wannan ce maganarta ta farko da ya ji duka.