Katin da Ba na Likita Ba

Shekara talatin wani dattijo ya yi yana koyar da nahawu, mutumin da ko ana cin abinci sai ya gyara maka magana. Yanzu ga shi a keken marasa lafiya, shanyewar ɓarin jiki ta karkace masa baki, kalmomi sun watse sun bar shi. Likitar da ke koya masa magana ta bar masa katuna, kowanne da rabin jimla, shi zai ƙarasa. 'Yarsa ce ke ɗaga masa su kowace safiya bayan ta shafa masa man zafi a kafaɗa.

Ita ɗin ce kuwa ya shekara bakwai bai ce mata ci kanki ba. Rana ɗaya ya daina amsa gaisuwarta, ya daina ɗaukar wayarta. Ta aika baffa, ta aika gwaggo, ta zo da kanta ta durƙusa, ya kau da kai. Har yau ba ta san laifinta ba, kuma abin yana cin ranta. Yayyenta maza da yake ji da su, wai aiki ya riƙe su, sai jinya ta faɗo kanta.

"Baba, na buɗe taga domin..."

"Is... iska."

"Yawwa! Na sha magani saboda..."

"Ciwo," ya ce, har da hararar katin, wai an raina masa hankali.

Cikin wata biyu ya fara haɗa kalma huɗu, biyar. Ran nan ta yanki kwali daidai girman na likita, ta rubuta nata, ta cusa a tsakiya. Da ta iso kansa, ta karanta shi yadda take karanta sauran.

"Na daina yi wa 'yata magana saboda..."

Ta shirya wa komai. Ko ƙarya aka kai masa, ko mijin da ta aura ne, ko wata kalma ce ta suɓuce mata, ya dai faɗa, ta nemi gafara ta huta.

Ya daɗe yana kallon katin, leɓensa na motsi. Sannan ya girgiza kai, idonsa fal tausayi.

"Wane... uba ne wannan? Allah sarki... yarinyar."

Nan ta gane ciwon ya tafi da dalilin gaba ɗaya, babu wanda za ta ƙara tambaya. Kuka ya ƙwace mata. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya dafa kanta.

"Haba, Uwata, yi shiru," ya ce. "Ai ba... ba ke ba ce."